Wa zai gyara motocin gas ɗin nan?

Ɗan Sabon Gari: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 ake ta cewa a mai da motocin haya su koma shan gas na CNG. To wa zai gyara su? Bas ɗin da ƙanena yake ja kwana huɗu tana gareji an kasa gano ciwonta, ga mai mota yana jiran balas. Ya kamata gwamnati ta ware kuɗi ta horar da direbobi da kanikawa mana. Ga NITT, cibiyar koyar da fasahar sufuri ta ƙasa, nan a Zariya tun 1986, harkar sufuri ce aikinta. A daina barin ran fasinja a hannun jahilan bakin titi.

Oga Ƙofar Ruwa: Su waye jahilan? Shekara 9 na yi a gaban maigidana kafin ya yaye ni. Ƙarar inji kawai nake ji in gaya maka filogi ne ko famfon mai. Ka janye kalmar nan, malam.

Malamar Firamare: Oga, yi haƙuri. Wanda bai san abu ba ai jahilinsa ne, ba zagi ba ne.

Oga Ƙofar Ruwa: A'a Hajiya. Na sauke Alƙur'ani tun ina yaro. Bahaushe in ya ce maka jahili ya san abin da yake nufi.

Direban Dogon Zango: Masu digirin ma wurinmu suke kawo motocinsu a tura.

Ɗan Sabon Gari: Ni fa maganar kuɗin horo na kawo.

Mai Jar Hula: Horo ai Kwankwaso ya yi shi, ya buɗe makarantar koyon tuƙi a Kano. Wa ya bar ta ta lalace?

Ɗan Ganduje: Kai dai faɗi. Wa ya tura matasa kamfanin Peugeot a Kaduna suka koyo kanikanci? Ku komai sai jagora.

Mai Jar Hula: Nawa ne suka buɗe gareji a cikinsu? Kawo sunaye.

Ɗan Ganduje: Kai ma kawo direbobin makarantar taku.

Malamar Firamare: Oga, har yanzu ina nan kan bakana, ka tambayi malamin Larabci.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da ya fito fili shi ne an ci mutuncin kanikawa, kuma mahaifina bakanike ne, da sifana ya ciyar da mu. In gwamnati za ta ba da kuɗi, ta miƙa wa iyayen gidan gareji su koyar da yaransu. Ɗan Sabon Gari, ka ba Oga haƙuri kafin Magariba, in ba haka ba zan cire ka.