Gidan al'adu ko shagon tela? Ku ba ni shawara kan ɗiyata

Uwar Biyu, Bagalam:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga wanda ya taɓa kai ɗansa ko shi da kansa ya shiga. Ɗiyata ta fari shekararta 16, bana ba ta ci jarabawar birbe ba, ta ce ita kam ta gama da lakwal. Wani gidan al'adu da ke kusa da mu ya buɗe koyarwa ta wata 3 a wannan hutun, rini da batik da safe, ranar Asabar kuma wasan kwaikwayo. Sun ce jika 15 har da kayan aiki. Ga kuma wata tela a layinmu da ta yarda ta ɗauke ta ba ko dala, amma sai ta yi shekara 2 zuwa 3. Yarinyar rinin take so. Babanta ya yarda da rini, wasan ne bai kwanta masa ba. Kuɗin nan adashi ne na kwasa, ba ni da wasu. Litinin ake rufe rubuta suna. Wanne zan yi?

Ɗan Zariya 2:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki sa shi kwamfuta kawai. Yaron da ya iya buga takardu ba ya rasa na shayi, ki duba shagunan da ke kewayen jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ki gani.

Uwar Biyu, Bagalam:
Mace ce ɗana, kuma rini na tambaya.

Mushe:
Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne barin lakwal ɗin. Faɗuwa sau ɗaya ba ta isa a ajiye jaka ba. Ku lallashe ta ta koma aji a watan Oktoba, rinin ya zama na hutu.

Inna Mokoyo:
Ƙanwata, ni na shiga irin wannan da ƙafata, ba labari aka ba ni ba. Mu mata da yawa aka tara a wani gida irin wanda kike faɗa, aka ce porje ce ta kawo, wadda ta gama za a ba ta kayan fara sana'a. Satin farko komai ya tafi daidai. Malamar ta iya aikinta, wannan ba zan ci haƙƙinta ba. Ta nuna mana yadda ake ɗaure farin yadi da zare, yadda ake narka kyandir a buga hatimi, yadda ake dama kala da soda a ruwan zafi. Sai kayan suka ƙare. Aka ce kowa ta sayo yadinta. Na saida tunkiyata na sayo farar shadda mita 10. Safar hannu guda biyu ce gare mu duka, wadda ba ta samu ba sai ta ɗaura leda. Soda ta ci mini yatsu, fatar ta yi ta saɓulewa, wata guda ko tuwo ban iya tuƙawa, kishiyata ke yi mini girki ranar kwanana.
Ranar rufewa aka jera kayanmu a kan tebur, manya suka zo, aka ɗauki hoto, aka sha lemo. Aka ce mu bar kayan za a kai su baje koli a sayar mana. Har yau da nake rubuta wannan, ba shadda ba kuɗi. Na yi ta zarya ana cewa wanda ke da makulli ya yi tafiya. Abin da na fito da shi takardar shaida ce, tana ƙarƙashin katifa. Na bar su da Allah, amma ke kada ki bari ɗiyarki ta bar ko ƙyalle a hannun kowa.

Maman Ƴan Uku:
Innalillahi. Inna Allah ya saka miki. Shaddar mita 10 fa!

Ɗan Kabu-kabu:
Wane gida ne Inna? Ki faɗa mu san inda za mu daina sauke fasinja.

Inna Mokoyo:
Ba zan kama suna ba, mutanen wurin ma an canja su. Amma rinin na iya, ko jiya na rina wa jikata kallabi.

Maman Ƴan Uku:
Ni jika 15 ɗin ce ta ba ni mamaki. Bara ƙanwata ta yi irinsa a wajen Ali Ɗan Sofo, jika 5 muka biya.

Ɗan Zariya 2:
Kyauta ne fa. Duk wanda ya karɓi kuɗinku cutarku ya yi.

Mai Rini, Sabon Gari:
Ba kyauta ba ne, sai in wata ƙungiya ta biya. Jika 5 kuɗin rubuta suna ne kaɗai, ku tambayi ƙanwar taku nawa ta kashe a yadi. Ni da nake aikin nan kullum, jika 15 ba ta isa kayan mutum ɗaya na wata 3, in dai da gaske za ta tsoma hannu. Ko dai yara goma a baho ɗaya, ko a ce ku ƙaro a tsakiya. Yaya, ki je da kanki ki ce su nuna miki kalar da sodar da suka saya, ki ƙirga safar hannu, ki tambaya abin da yarinya ta rina na wa ne. In sun fara kame-kame ki riƙe kuɗinki.

Tsohon Ɗan Samariya:
Ku yara kun mai da komi lissahin kuɗi. Mu da munka yi samariya zamanin Seyni Kunce, tsakanin 1974 da 1987, ba wanda ab biya mu kuma ba mu biya kowa ba. Kowace unguwa da sarkin samarinta da magajiyarta. Da dare a yi gwajin waƙa da wasa, da sahe a share gari ko a yi aikin gayya. Wasan kwaikwayon da mai gidanki ke gudu, shi ya koya ma mata da yawa tsayawa gaban jama'a su yi magana ba rawar murya. Ki bar ta ta yi, ƙanenta ya riƙa rakiya.

Ɗan Zariya 2:
Baba da girmanka, wancan zamanin gwamnati ke tsaye a kan abin. Yanzu shawarar wanda ya biya kuɗi bana ake nema.

Maman Ƴan Uku:
Kai da ka ce a sa yarinya kwamfuta kana ce mata "shi", kai ne za ka zaɓi mai ba da shawara? Ka bar Baba ya yi magana.

Bazabarmen Maradi:
Hajiya in malamin wasan Bagobiri ne, kwantar da hankalinki. Su da zanen nan nasu ba sa buƙatar kwalliya kafin su hau dandali.

Bagobirin Tibiri:
Ka ji bawana ya samu waya. Je ka ɗebo mini ruwa tukuna, manya na magana.

Tela Ɗan Gulbi:
Ba wanda ya taɓo maganar telar. Kyautar nan ku dube ta da kyau. Shekarar farko yarinya guga take yi da sa maɓalli da aike, wani lokaci har raino. Amma wadda ta daure, ranar da aka yaye ta tana da sana'ar da ba ta yankewa, ko ba sallah ba akwai kayan lakwal da na suna. Rini kuwa sai da jari a hannu.

Uwar Biyu, Bagalam:
Na gode ƙwarai. Na je da la'asar ɗin nan don in ga kayan kamar yadda Mai Rini ya ce, na tarar an cika farfajiyar da kujeru da rumfa, wai an ba da hayar wurin don biki har Lahadi. Mai gadi ya ce in dawo.

Mushe:
To ga inda ciwon yake. Ɗalibaina sun shirya wasa kan auren wuri, sun yi ta gwaji, ana gobe aka ce an ba masu taro zauren. A ƙarƙashin bedi muka yi shi, iska na kwashe muryar yara.

Tsohon Ɗan Samariya:
Wurin da anka gina don matasa ya koma gidan biki. Kokowa dai ta tsira da hilinta, tun da Kantu ya ɗauko takobin gasar ƙasa a 1975 ba a raina ta a Maradi ba. Masu gurmi da masu wasa hwa, ina nasu?

Mai Rini, Sabon Gari:
Ku yi musu adalci kaɗan. Kuɗin wuta da na ruwa da albashin mai gadi daga ina za su fito in ba hayar ba?

Inna Mokoyo:
Daga shaddata mana.

Maman Ƴan Uku:
A yi hayar da dare a bar wa yara safiya, mene ne wahala a ciki? Mu a unguwarmu har ɗakin karatun suke cikawa da tukwanen masu biki, yara su zo su tarar da ƙofa a rufe.

Ɗan Kabu-kabu:
Bikin na wa ne Hajiya, kuma ƙarfe nawa ake tashi? Daren Asabar fasinja ke wuya a wajenku.