Mu takwas za mu Italiya: wane yanki, wane wata?

Maman Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema wajen mazauna Italiya da waɗanda suka taɓa zuwa. Mu takwas ne, tsofaffin abokan aiki, mun daɗe muna adashe saboda wannan tafiya. Biyar Musulmi, uku 'yan Katolika, kuma kwana goma muke da shi. Ba ma son irin yawon da za a loda mu a bas, a nuna mana gini, a ce mu ɗau hoto mu wuce. So muke mu ga bukukuwan waliyyansu yadda mutanen gari ke yinsu, mu ci abincinsu, mu ga yadda suke karɓar baƙo. Ina za mu nufa, kuma a wane wata?

Ɗan Damagaram a Palermo: Wa alaikumus salam Hajiya. Ku zo tsibirin Sisiliya, ku sa ranar 19 ga Maris a tsakiyar tafiyar. Ranar San Giuseppe ce, wato Yusufu mijin Maryamu a wurin Kirista. Akwai wani gari kan tudu a lardin Trapani, sunansa Salemi. Can idan mutum ya shiga matsi, ko ciwo ko wata damuwa, yakan yi bakance cewa in ya fita zai ciyar da mabukata a wannan rana. In lokaci ya matso sai matan unguwa su taru a gidan, su yi kwanaki suna murɗa burodi da hannu. Wani siffar fure, wani tsuntsu, wani tsani ko guduma da zarto, tunda Yusufu kafinta ne. Sai a kafa rumfa a cikin ɗaki, a lulluɓe ta da ɗanyen ganye, a rataya lemu da lemun tsami da ɗaruruwan burodin nan.

Ranar bikin ana zaunar da yara uku a teburi, masu gida su tsaya a kansu suna yi musu hidima, ana kawo abinci kala-kala. Asali 'ya'yan talakawa ake zaɓa. Ƙofa a buɗe take, kowa ya shigo ana ɗan ɗiba masa, a ƙarshe a raba taliya da aka barbaɗa wa garin burodi, kuma a ba ka burodi ka tafi da shi. Ni abin ya fi yi mini kama da sadakar da ake fitarwa ƙofar gida a wajenmu, wadda ba a tambayar mai karɓa daga ina yake.

Ga abin da zai sauƙaƙa muku: ranar tana faɗowa cikin azumin Kirista na kwana arba'in, don haka ba a sa nama a wannan teburi. Ganye ne, wake, ƙwai, kifi da kayan zaƙi.

Baba Malam: Hajiya, Allah ya sa a je lafiya. Ni tambayata ɗaya. Bikin nan ibadar mutane ce, kuma bakancen ba da sunan Allah kaɗai aka yi shi ba a fahimtarmu. Musulmin cikinku sun yi tunanin inda za su tsaya? Kada a je sai kunya ta sa mutum ya yi abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba.

Maman Ummi: Gaskiya ne Baba, mun tattauna. Mu masu kallo ne, ba za mu shiga addu'a ko jerin gwano ba. Batun cin abin da aka yi bakance da shi kuma, kowa zai tambayi malaminsa kafin mu tashi.

Maman Godiya: Baba Malam, ranka ya daɗe, na ji daɗin wannan tambaya. Ni 'yar Katolika ce, ina aikin jinya kusa da Vicenza. Ina tabbatar maka ba wanda zai tilasta wa baƙo durƙuso ko taɓa mutum-mutumi. Ka tsaya daga gefe cikin natsuwa, shi ke nan, sun gode. Idan aka miƙo maka abin da ba ka so, ka ɗora hannu a ƙirji ka ce grazie, ba wanda zai ji haushi. Shiga coci kuma sai an rufe kafaɗa da gwiwa, maza su cire hula. Mayafin mata babu ruwan kowa da shi.

Hajiya, ni roƙona daban ne. Ko kwana ɗaya ne ku zo Schio, ƙaramin gari ne a nan lardinmu. Nan Josephine Bakhita take kwance. 'Yar Darfur ce, an sace ta tana ƙaramar yarinya, aka yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu har Khartoum, inda ƙaramin jakadan Italiya ya saye ta, ta biyo shi ƙasarsu a 1885. A 1889 hukuma ta tabbatar cewa ita 'ya ce, ba baiwar kowa ba. Ta zama sista, aka kawo ta Schio a 1902, ta yi ta aikin girki da tsaron ƙofa har ta rasu ranar 8 ga Fabrairu 1947. Paparoma John Paul na biyu ya ayyana ta waliyyiya a shekarar 2000, kuma yanzu ranar rasuwarta ce cocinmu ke addu'a kan fataucin mutane. Duk wanda ya san halin da 'yan matanmu ke shiga a hanyar Libiya, in ya tsaya a ɗan ɗakinta sai jikinsa ya yi sanyi. Daga nan Padova ba nisa, inda kabarin waliyyi Sant'Antonio yake.

Direban Brescia: Anti, Schio wuri ne mai daraja, amma daga can zuwa Palermo ƙarshen ƙasa ne da ƙarshen ƙasa. Kwana goma ba zai ɗauki arewa da kudu ba sai dai su ƙare a tasha. Hajiya ku zaɓi ɗaya.

Ɗan Damagaram a Palermo: Anti Maman Godiya, mu ma muna da namu a nan. San Benedetto il Moro, baƙar fata ne, iyayensa bayi ne 'yan Afirka, an haife shi a San Fratello, ya rasu a Palermo a 1589. Bai iya karatu ba, mai dafa abinci ne a gidan 'yan zuhudu, amma suka ɗora shi shugabansu, kuma yana cikin waliyyan da birnin ke ɗauka a matsayin majiɓintansa. Cocinsa, Santa Maria di Gesù, gobarar daji ta yi mata mummunar ɓarna a Yulin 2023, don haka a tambaya kafin a je. Akwai ƙaton zanensa a bango a unguwar Ballarò.

Ɗalibar Napoli: Sannunku iyayena. Ina karatu a L'Orientale, jami'ar da ake koyar da Hausa a cikinta, don haka kada ku yi mamaki in kun gamu da Bature ya ce muku ina kwana. Shawarata ku sauka Napoli, ku yi kwana biyu, sannan ku hau jirgin ruwan dare. Yana tashi da yamma, gari na wayewa kuna Palermo, kun huta da kuɗin masaukin dare ɗaya.

Babban abin Napoli shi ne San Gennaro, waliyyin da suke ɗauka majiɓincin birnin. Akwai kwalabe biyu da suka yi imani jininsa ne a ciki, a daskare, kuma sau uku a shekara jama'a ke cika babbar coci suna jiran ya narke: Asabar ɗin da ke gaban Lahadin farko na Mayu, da 19 ga Satumba, da 16 ga Disamba. In bai narke ba hankalin mutanen gari yana tashi sosai. Maris ba ya ciki, amma ɗakin da ake ajiye kayansa a buɗe yake. Ni abin da ya fi taɓa ni ma ba wannan ba ne. A titin Via dei Tribunali akwai coci mai suna Purgatorio ad Arco. A ƙarƙashinta akwai ƙoƙunan kawunan mutanen da suka mutu ba dangi ba suna. Matan unguwa sukan ɗauki ɗaya a matsayin nasu, su goge shi, su kawo fure, su yi masa addu'a, suna fatan shi ma ya roƙa musu. Shugaban cocin Napoli ya hana al'adar a 1969, amma har yau za ku ga wasiƙu da furanni a wurin. Ba aƙidarmu ba ce, sai dai na fahimci tausayin da ke cikinta: ba sa son a ce wani ya mutu ba mai tunawa da shi.

Ku kuma lura da lungunan unguwa, kusan kowace kusurwa akwai ɗan akwati a bango da hoton Maryamu da fitila da hotunan mamatan gidan. A shagon kofi kuma akwai al'adar caffè sospeso, ka sha ɗaya ka biya biyu, wanda ba shi da kuɗi ya zo daga baya ya sha.

Yayan Fati: Ba wanda ya ambaci bikin waliyyiya Sant'Agata na birnin Catania da ke Sisiliya? 3 zuwa 5 ga Fabrairu. Dubban mutane cikin fararen riguna da baƙar hula suna jan amalanken azurfa na waliyyiyar da dogayen igiyoyi dare da rana, wasu ɗauke da kyandir mai nauyin mutum a kafaɗa. Ban taɓa ganin taro irinsa a Turai ba.

Direban Brescia: Yaya, biki ne babba, amma akwai turmutsutsu da sanyi, ga kakin kyandir a ƙasa yana sa santsi. In akwai dattawa a tawagar ban ba da shawara ba. Kuma duk wanda ya je Catania ya sani, naman da ake gasawa a titin Via Plebiscito yawanci na doki ne.

Maman Ummi: Akwai masu ciwon gwiwa biyu a cikinmu, don haka Catania sai wani jiƙon. To batun abinci fa? Shi ne ya fi damuna.

Ɗalibar Napoli: Mama, naman alade a fili ba shi ne matsala ba, kowa zai gane shi. Kitsensa ne ke ɓuya. Sunansa strutto, a Napoli kuma sugna. Yana cikin kayan zaƙin da ake kira sfogliatella, da biskit ɗin taralli irin na Napoli, da burodi da yawa. Ku riƙe tambaya biyu: "C'è strutto?" da "C'è vino?", wato akwai kitsen alade, akwai giya. Ba sa jin haushin tambaya, sun saba da masu larurar abinci. Pizza marinara da margherita lafiya lau, haka kifi gasasshe da taliya da tumatir.

Ɗan Damagaram a Palermo: A nan ma haka. Ɓawon cannoli na gargajiya, wani abin zaƙi ne, da kitsen ake yi, a ɗiga masa giyar Marsala. Sfince, soyayyen abin zaƙin ranar San Giuseppe, wasu da mai suke soyawa wasu da kitse, sai an tambaya ko a teburin Salemi ne. Burodi da saifa da ake sayarwa a kasuwa, a kitsen alade ake soya shi, ku bar shi. Ku ci panelle, ƙosai ne na garin wani irin wake, da taliya da kifin sardin, da caponata ta yalo. A Ballarò akwai mahauta Musulmi da yawa, naman halal ba wuya.

Kuma Baba Malam, akwai rabonku a tafiyar nan. Musulmi sun sauka Mazara del Vallo a 827, suka karɓi Palermo a 831, suka riƙe ta har Normawa, Turawa Kirista, suka ƙwace a 1072. A ƙofar babbar cocin Palermo akwai ginshiƙi ɗaya da aka sassaƙa ayar Alƙur'ani a jikinsa, daga Suratul A'araf, yana nan har yau. Mazara kuma ba ta da nisa da Salemi, akwai 'yan Tunisiya masunta da yawa da masallacinsu, kuma a duk yankin Trapani ana cin kuskus da romon kifi.

In da rani za ku zo da na ce 14 ga Yuli, bikin waliyyiya Santa Rosalia, wadda suka yi imani ita ta kawar da annobar da ta auka wa Palermo a 1624. Amma zafi da cunkoso, kuma ba za ku shiga gidan kowa ba. Abin da kuka ce kuna nema yana Salemi.

Baba Malam: Madalla. Wannan ginshiƙi ku ɗauko mini hotonsa. Ku kuma duba kalanda, shekarun nan Ramadan yana zagayowa ta wajen Fabrairu da Maris, kada tafiyar ta ci karo da azumi ko sallah.

Direban Brescia: Batun mota. Ku takwas ne, ku ɗauki haya mai kujera tara, ko kuma mota da direba ɗan gari, wanda ni na fi so. Tashar jirgin ƙasa ta Salemi tana nesa da gari, ba za ta yi muku ba. In ku za ku tuƙa, ku kiyayi allo mai rubutun ZTL a tsofaffin unguwanni, wato an taƙaita shigar motoci wurin, kyamara ce ke ɗauka, tara ta biyo ku bayan watanni. A ƙananan garuruwa shaguna na rufewa daga wajen ƙarfe ɗaya zuwa huɗu, gidan abinci kuma ba ya buɗewa da dare sai bakwai da rabi ko takwas. Za ku ga coperto a takardar kuɗi, yuro biyu ko uku kan kowane mutum, kuɗin zama ne, ba cuta ba ce.

Maman Godiya: Masauki ku nemi agriturismo, gidan gona ne da iyali ke karɓar baƙi su dafa musu abin da suka noma. Ku gaya wa uwar gida tun kafin ku iso abin da ba ku ci, za ta kiyaye. A manyan birane kuma akwai gidajen baƙi na sistoci, masu tsabta da sauƙin kuɗi, wasu dai suna kulle ƙofa da dare. Kuma kada ku shiga gidan mutane hannu rabbana. Ku riƙo dabino ko zanen atamfa ga tsohuwar gidan. Kilishi kam kada ku ɗauko, an hana shigo da nama ƙasashen Tarayyar Turai, a filin jirgi za a ƙwace.

Maman Ummi: Allah ya saka da alheri, kun gama mana komai. Ga yadda muka tsara: Napoli kwana biyu, jirgin ruwan dare, Palermo kwana uku, sauran a Salemi da Mazara da Trapani. 'Yan uwanmu uku sun ce za su riga mu tashi da kwana biyu su je Schio, mu haɗu a Napoli. Anti Maman Godiya za su neme ki.

Maman Godiya: Ina maraba da su. Su sauka Venezia, daga can jirgin ƙasa zuwa Vicenza, su canza zuwa Schio.

Ɗan Damagaram a Palermo: Hajiya ku fara neman biza da wuri, kuma ku kama masaukin Salemi tun watan Janairu, garin ƙarami ne, makon bikin ɗakuna na ƙarewa. Ku taho da rigunan sanyi, kan tudun akwai iska a Maris. In Juma'a ta same ku a Palermo ku sanar da ni, akwai masallaci a tsohon gari kusa da kasuwar Capo, sai in zo in raka ku.