Neman shawara kan ƙwararren likitan ƙashi a Legas

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna Legas. Mahaifina ɗan shekara 63 ne, yana sana'ar albasa a kasuwar Mile 12, kuma wata takwas ke nan yana fama da ciwon ƙugu da ke sauka ta ƙafar hagu har tafin ƙafa, ga kumburin gwiwa, har ta kai sai a zaune yake sallah.

Mun fara da mai ɗori, daga baya muka je wani asibitin kuɗi, inda aka ɗauki hoton MRI aka ce faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayansa ya zame yana danne jijiya. Tun kafin a gwada gashin ƙashi aka yanka mana kuɗin tiyata, kuma gaggawar nan ce ta hana hankalina kwanciya.

Don Allah, wanda ya taɓa kai majinyaci Asibitin Ƙashi na Igbobi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba ya faɗa mini: sai da takardar turawa ake ganin babban likita? Likitan ƙashi ya kamata mu nema ko na jijiya? Kuma ta yaya ake tantance rajistar likita a MDCN, wato hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya?