Saitin soket da ya tsallake 9, 11, 16, 18, 20 da 23: in saya ko in haƙura?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum manya. Shawara nake nema kafin in saki kuɗina. Ni ba bakanike ba ne, amma ƙananan ayyukan motata ni nake yi a gida: juyen baƙin mai, canjin fulogi, ɗan taɓa birki. Shekara shida ina riƙe da Toyota, kuma soket (ƙoƙon ƙarfen da ake sawa a kan noti a kwance shi) masu girman milimita 10, 12, 14, 17 da 19 su suka yi min komai, sai 21 na taya. Yanzu na ƙara da wata tsohuwar Peugeot, shi ne nake so in sayi saitin soket na gaske.

Biyu na gani da kuɗinsu ya zo kusan ɗaya. Na farko ƙarfensa mai kyau ne, mai kusurwa 6, amma ya tsallake 9, 11, 16, 18, 20 da 23. Na biyu daga 6 har 24 babu giɓi, sai dai mai kusurwa 12 ne kuma ƙarfen bai kwanta min a rai ba. Cikakke mai kyau ya ninka kuɗin, ba zan iya ba yanzu. Tambayata: waɗannan lambobin da aka tsallake, da gaske ana buƙatarsu? Wa ya taɓa amfani da 20 ko 23 a mota?

Oga Mai Gareji:
Wa alaikumus salam. Sayi cikakke mai kyau kawai ka huta. Araha ba ta ado.

Sabon Hannu:
Oga, ai na ce kuɗin bai kai can ba.

Ɗan Lamba Goma:
Ɗan'uwa kana ta damuwa da 23, ka bari ka ga abin da 10 zai yi maka. 23 ɗina tun ranar da na saye shi yana kwance a raminsa, sheƙinsa ma bai dushe ba, in ka duba za ka ga fuskarka. 10 kuwa na sayi bakwai, yanzu babu ko ɗaya. Ina zargin ƙafa gare shi.

Direban Dare:
Ka nemi mai ɗaurewa da batir, shi ake yayi yanzu. Minti biyu ka kwance taya.

Malamin Zane:
Bari in ɗan yi bayani, don abin ba kame-kame ba ne. Girman kan noti yana bin kaurin jikinsa ne, kuma kowace ƙasa da tsarin da ta saba da shi. A tsarin Japan, wato JIS, noti mai kaurin milimita 8 kansa 12 ne, mai 10 kansa 14, mai 12 kansa 17. Shi ya sa lambobi biyar suka riƙe ka shekara shida. A tsohon tsarin Jamus, DIN, mai kaurin 8 kansa 13, mai 10 kansa 17, mai 12 kansa 19. Da tsarin ISO ya zo, sai mai 10 ya koma 16, mai 12 ya koma 18, mai 14 ya tashi daga 22 ya koma 21. To ka ga 16 da 18 ba baƙin lambobi ba ne, a motocin Turai na baya-bayan nan cike suke a ƙafar mota. Motocin Amurka kuma 13, 15 da 18 ne abincinsu, har da 7 da 5.5 a dashbod.

Game da motarka ta Faransa, 11 za ka fi nema. Tsofaffin motocinsu suna amfani da noti mai kaurin 7, wanda kansa 11 ne, ga kuma notin bututun birki da na cire iskar birki da sau da yawa 11 ne a motocin Turai. 20 da 23 kam babu wani noti na yau da kullum da aka tsara musu.

Baba Tsohon Hannu:
Yaro, tsaya in ba ka labarin 18, don ni a jikina na san shi, ba a takarda ba.

Akwai wani mutum da nake wa aiki, motoci shida gare shi har da na ma'aikatansa, duk ni nake gani. Wata rana ya kawo wata ƙirar Turai, shakazoban gaba ya mutu. Ya ce min da yamma zai yi tafiya, na ce kafin azahar an gama. Saitina irin naka na farko ne, daga 17 sai 19. Ina da 18 guda ɗaya da na saya shi kaɗai, to maƙwabcina a wurin aiki ya ara tun kwana uku, na aika yaro, aka ce ya fita da akwatinsa aikin waje.

Da na haƙura na jira, da ba a yi haka ba. Amma mutum yana tsaye a kaina yana duba agogo. Na gwada 17, bai shiga ba. Na sa 19, ya shiga yana rawa. Zuciyata ta ce kar ka yi, hannuna ya riga ya zura bututu a hannun sifanar. Notin ya yi shekaru yana shan ruwa da tsatsa. Na danna, na ji wani laushi da duk mai wannan sana'a ya san shi, irin wanda kake ji har cikin hanjinka. Na zare, kusurwoyin shida duk sun cinye, kan notin ya zama kamar ƙwallo.

Daga nan aka shiga wahala. Filaya mai kullewa ta zame. Na sa kurfi da guduma, ya ƙi motsi. Na kira mai walda ya liƙa wani noti a kai. Ya fita kam, amma zafin ya ƙone robar shaf ya narkar da wayar na'urar birki da ke wucewa ta gefen. Muna tayar da mota fitilar birki ta kama a dashbod. Tafiya ta fasu. Motar ta kwana tara a wurina kafin a samu wayar, kuma daga aljihuna na biya, har da robar.

Kuɗin bai yi min ciwo ba kamar maganar da ya faɗa. A gaban yarana huɗu ya ce, shekara talatin kana wannan aiki amma sifana ɗaya ta gagare ka. Ban ce uffan ba. Motocin nan shida ban sake ganin ko ɗaya ba. Maƙwabcin nawa kuwa da ya dawo cewa ya yi shi bai tuna ya ari komai ba.

Uwargida Mai Tuƙi:
Kai Baba, Allah ya mayar da alheri. Wallahi har na ji ba daɗi.

Oga Mai Gareji:
Baba ka yi haƙuri, amma wannan ba laifin saiti ba ne. Milimita guda cur tsakanin 18 da 19, ko yaron da ya yi wata uku ya san ba a sa bututu a kan soket mai rawa. Da ka ɗauko 11/16 na inci ka buga shi da guduma, da ya kama, don bai kai 18 ba, kusan 17 da rabi ne.

Baba Tsohon Hannu:
Wanda ba shi da 18, shi zai ajiye 11/16? Lokacin da na fara kwanciya a ƙarƙashin mota kai ko wando ba ka iya ɗaurawa ba. Na faɗi kuskurena da bakina don yaron nan ya amfana, ban ce a zo a yi min darasi ba.

Malamin Zane:
Oga yana da gaskiya ta wani ɓangare. Wasu lambobin inci suna cike giɓin: 5/8 ya yi daidai da 16 saura ƙiris, 7/16 ya ɗan ɗara 11 kaɗan, 3/4 da 19 kusan abu ɗaya ne, 7/8 yana zama a kan 22. Amma 18 ba shi da tagwai na gaske a inci, shi ya sa rashinsa ya fi ciwo. Kuma kada a yaudari kai da 1/2 a ce 13 ne, 12.7 ne, ba zai shiga lafiyayyen noti ba.

Oga Mai Gareji:
Malam, da girmamawa, ka taɓa kwance notin da tsatsa ta ci? Lissafi daban, ƙarfe daban. Notin 10 da ya yi shekara goma a salansa ba 10 ba ne kuma, ya rame. A nan ne 9 yake aiki, ka buga shi da guduma ya ciji abin da ya rage. Ni duk amfanin 9 a wurina ke nan, sai ɗan notin cire iskar birki na wasu motocin.

Malamin Zane:
Ban ce na fi ku hannu ba. Amma da an san dalilin da ya sa 18 ya yawaita, da ba a ci gaba da sayar wa mutane saitin da babu shi ba.

Mai Wayarin:
Ku daina tsorata shi. Ka sayi na farkon, ka cike 11, 16 da 18 ɗai-ɗai. Ni haka na yi, ukun gaba ɗaya ba su kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin saitin ba.

Direban Dare:
Ina ka samu haka? Ni da na tambayi guda uku kacal, kuɗin ya kusa rabin saiti. Sayen ɗai-ɗai asara ce, mai sayarwa ya san a matse kake.

Mai Wayarin:
Wataƙila masu dogon jiki ka tambaya, ko masu bakin rabin inci.

Oga Mai Gareji:
Ku biyun duk ba haka na gani ba. Kuma shi mai tambayar da ya ce cikakke ya ninka kuɗi, an ɗora masa ne. Nawa bambancin bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba.

Ɗan Lamba Goma:
Abin dariya, soket ɗin duk na milimita ne amma bakin da yake shiga hannu na inci ne, 1/4, 3/8, 1/2. Su kansu masu ƙerawa ba su gama shawara ba, mu ne za mu gama?

Uwargida Mai Tuƙi:
Ni dai na taɓa ganin ranar 20, tunda an tambaya. Notin tayar motata irin mai hular ƙarfe mai sheƙi ne a kai. Ruwa ya shiga ƙarƙashin hular, tsatsa ta kumbura shi. Ranar da taya ta yi faci a hanya, sifanar taya ta cikin mota, mai lamba 19, ta ƙi shiga ko ɗaya daga cikin biyar. Ga jak na ɗaga, ga safaya a ƙasa, ga yara a mota. Wani bawan Allah ya tsaya, ya lalubo 20 daga ƙasan akwatinsa, ya ce shi ma yau ne karo na farko da ya taɓa amfani da shi. Daga baya na ji har akwai 19.5 da ake yi musamman saboda wannan matsalar. Notin duka na canza su zuwa dunƙulallu marasa hula.

Ɗan Lamba Goma:
Alhamdu lillahi, 20 ya samu aiki. Saura 23, muna masa addu'a.

Direban Dare:
Ni manyan lambobi ne suka fi ba ni haushi. Saiti ya tsaya a 24, notin shaf kuma 30 ne, ko 32, ko 36. Wasu Toyota ma 30 ɗin sai mai kusurwa 12. Ka saya don aiki ɗaya, ka ajiye shekara biyu.

Oga Mai Gareji:
Ka ajiye? Wa zai bar maka shi? Irin waɗannan su ake fi zuwa aro, don kowa yana ganin asara ce ya saya. 36 ɗina ya zaga gareji biyar kafin ya dawo, ya dawo kuma da tsaga, an sa shi a injin iska alhali ba na wannan aikin ba ne. Da na yi magana sai aka ce da ma haka yake.

Baba Tsohon Hannu:
Yawwa, yanzu ka zo inda nake. Ba saitin ya kashe ni ba, aro ne. Mutum zai zo da fara'a, Baba minti biyar, ka ba shi, sai ka koma kai ne mai bin sa kana roƙo. In ka hana a ce ka cika rowa. Tun daga ranar nan na shafa wa kayana jan fenti, na sa kwado a akwati, mabuɗi a wuyana.

Mai Wayarin:
Fenti ba ya hana komai Baba, fetur kaɗan ya goge shi. Ni sai ka ajiye wayarka a hannuna kafin ka ɗauki ko sukundireba.

Uwargida Mai Tuƙi:
Ku ma kuna yi wa masu mota. Sau biyu ina karɓar mota daga gyara in tarar babu sifanar taya a but.

Ɗan Lamba Goma:
Hajiya ki duba ƙarƙashin bonet, wataƙila an bar miki 10 a madadinta. In kin gani nawa ne.

Oga Mai Gareji:
Wannan aikin yara ne, ba na masu gida ba. Kullum da yamma sai na sa an jera kaya a kan tabarmar aiki an ƙirga, wanda abu ya ɓata a hannunsa shi zai nemo. Duk da haka wata ba ya ƙarewa ban sayi 10 da 12 ba.

Sabon Hannu:
Na gode ƙwarai manya. Na fahimci 11, 16 da 18 ba abin wasa ba ne. Amma har yanzu ba a ce min komai kan na biyun ba, shin mai kusurwa 12 zai cinye min noti ko zai yi? Gobe nake son zuwa.

Baba Tsohon Hannu:
Duk wanda ka saya, kar ka bari maƙwabta su san kana da shi. Oga, wancan 36 ɗin da aka tsaga maka, an biya ka kuwa?

Oga Mai Gareji:
Biya? Jiya ma ya aiko yaronsa wai a ba shi 32.