"Tsohon doki sai mai shi": yabo ne ko gori?

Ɗan Zango: Salamu alaikum jama'a, ku raba mu gardama. Daren jiya a fadarmu ni da abokina mun yi ta ja-in-ja har shayi na uku ya huce. Zancen ƙwallon kwandon Amurka ne, kulob ɗin Golden State. Stephen Curry haihuwar 1988 ne, Jimmy Butler da suka ɗauko 1989, Draymond Green 1990. Na ce su sayar da manyan nan tun da sauran darajarsu, su tara yara. Sai ya ce mini "tsohon doki sai mai shi", wai Curry nasu ne, kada su rabu da shi. Ni kuwa na ce maganar gori ce, nufinta babu mai so sai mai shi. Wa ya yi daidai?

Malam Na-Birni: Wa alaikumus salam. Ɗana, kai da abokinka kowa ƙafa ɗaya ya kama. Ka kai tsohon doki kasuwa, dillali ya buɗe masa baki ya duba haƙora, ya taya shi da kuɗin jaki. Mai shi ya tuna hawan salla nawa ya yi a kansa a ƙofar fadar Sarki, ya ja linzami ya koma gida. Wannan fuska ɗaya ce. Ta biyu, mai shi kaɗai ya san halinsa, ya san inda yake tuntuɓe da ranar da yake son hutu. Shi ya sa ake faɗinta ga tsohon babur ɗin da in ba mai shi ba babu mai iya tayar da shi. Ta ukun ita mutane ke mantawa: dokin ya daina sukuwa amma bai daina ci ba. Wa zai ci gaba da sayen harawa da dusa? Sai mai shi. Ban taɓa jin manya sun yi ta a matsayin shawara ba, a riƙe ko a saki. Halin da ake ciki kawai take faɗa.

Kocin Sabon Gari: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ɗan Zango, gyara ɗaya tukuna: a NBA, wato babbar gasar ƙwallon kwandon Amurka, ba a sayar da ɗan wasa kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa. Musaya ake yi, a ba da mutum da kwantiraginsa, a karɓi wasu ƴan wasa ko gurbin zaɓen sababbin yara na shekaru masu zuwa.

In kana son ganin abin da ke samun wanda ya sayi tsohon dokin wani, dubi 2013. Brooklyn ta karɓi Kevin Garnett yana da shekara 37 da Paul Pierce yana da 35 daga Boston. Ta ba da gurbin zaɓenta na zagayen farko na 2014 da 2016 da 2018, ta kuma yarda a yi musayar gurbi a 2017. Kaka ɗaya Pierce ya yi ya tafi Washington. Garnett aka mai da shi Minnesota a farkon 2015. Brooklyn ta faɗi ƙasa warwas, kuma duk faɗuwarta riba ce ga Boston, don wanda ya zo ƙarshe a gasa shi ya fi samun damar zaɓe da wuri. Ta nan Boston ta samu Jaylen Brown a 2016, sannan Jayson Tatum a 2017, su ne kuma suka kawo mata kofi a 2024. A Boston Garnett da Pierce suna da tarihi, sun ci kofin 2008. A Brooklyn gwiwoyinsu kawai suka kai.

Ƴar Mirya: To Koci, ina ka ajiye "da tsohuwar zuma ake magani"? A cikin wannan Boston ɗin da kake yabo akwai Al Horford, yana da shekara 38 ranar da suka ɗaga kofin. Tim Duncan ma 38 gare shi da San Antonio ta doke Miami a 2014. Ku yaran yanzu da kun ga furfura sai ku fara neman dillali.

Kocin Sabon Gari: Yaya, zuma ba ta da gwiwa. Ki ajiye ta shekara goma a kwalba, ba za ta ce miki bayanta na ciwo ba. Kuma da cokali ake shan ta. Horford cokali ne, ba shi aka ɗora wa kayan ba. Duncan kuwa ya yarda aka rage masa albashi, kuma tun 2011 San Antonio ta ba Indiana George Hill ta karɓi yaro, Kawhi Leonard, wanda aka zaɓa gwarzon wasannin ƙarshe a 2014 yana da shekara 22.

Ƴar Mirya: Ai ka faɗi maganata da bakinka. Sun haɗa tsoho da yaro, ba su kori tsohon ba.

Mai Lissafi: Ni fuska ta ukun da Malam ya kawo ta fi kama ni, don harawar nan a NBA a rubuce take. Akwai iyakar albashin da kowane kulob zai biya ƴan wasansa gaba ɗaya. A kakar 2024/25 miliyan 140 da ɗoriya ce, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwar Dole ba. Wanda ya haura miliyan 170 da ɗoriya zai biya haraji a kan abin da ya ɗora. Ga inda karin maganar ta zauna daram: akwai ƙa'idar da ake kira da sunan Larry Bird, tsohon ɗan wasan Boston, wadda ta ba kulob damar tsallake iyakar don sabunta kwantiragin ɗan wasan da ya yi shekara uku a hannunsa. Wani kulob ɗin da ya cika iyakarsa ba shi da wannan damar a kansa. Wato doka ma ta ce sai mai shi.

Amma damar nan tarko ce ga mai taushin zuciya. A 2013 Lakers ta ba Kobe Bryant kwantiragin shekara biyu na miliyan 48.5, yana da shekara 35, bayan jijiyar agararsa ta tsinke. Halacci ne, ban musa ba. A kakar 2015/16 wasa 17 suka ci cikin 82.

Tun yarjejeniyar 2023 kuma an ƙara wani shinge a sama, wajen miliyan 189 a kakar 2024/25. In ka haye shi, ba ka haɗa albashin mutum biyu ka musanya da babban ɗan wasa ɗaya, ba ka haɗa tsabar kuɗi cikin musaya, kuma a kulle maka wani gurbin zaɓe na gaba. Shi ya sa da agarar Tatum ta tsinke a watan Mayun 2025, Boston ba ta tsaya kunya ba, ta tura Jrue Holiday Portland, Porzingis kuma Atlanta, shekara ɗaya tak bayan sun ci kofi tare.

Ɗan Zango: Yauwa! Haka Oklahoma ta yi a 2019, ta ba Clippers Paul George ta karɓi Shai Gilgeous-Alexander da gurbin zaɓe biyar na zagayen farko. 2025 ga kofi.

Ƴar Mirya: George lokacin bai kai shekara 30 ba, ƙanena, ba tsohon doki ba ne. Kuma gurbin zaɓe cinikin biri a sama ne. Ka ba da mutumin da ka sani, ka karɓi yaron da yau yana makarantar sakandare. Waɗanda cinikin ya yi wa kyau kawai kuke lissafawa.

Malam Na-Birni: Ni Hakeem Olajuwon na sani, ɗan Legas, don zamaninmu ne. Ya ci wa Houston kofi a 1994 da 1995. Bayan kaka 17 suka miƙa shi Toronto a 2001, ya yi kaka ɗaya ya ajiye wasa. Har yau in na ga hotonsa da rigar Toronto sai in ji wani iri. Mai Lissafi, ka duba mana, me Houston ta samu a musayar nan da ya kai wannan?

Ɗan Zango: Malam, abokin nawa yana gefena yana karantawa. Ya ce har yanzu bai yarda ba, kuma wai ni zan sayi sukarin yau.