Me za mu kira jirgin da ake tuƙawa daga ƙasa?

Abu Hafsat, Jidda: Salamu alaikum. Gobe bayan isha'i zan yi wa iyayen unguwarmu bayani kan dokar jiragen nan da yara ke tayarwa da rimot. Hukumar jiragen sama ta nan Saudiyya, GACA, tana neman a yi rajista a karɓi izini. Idan na ce "jirgi maras matuƙi", tsofaffi za su ɗauka na yaƙi ne. Wanda nake nufi irin na ɗana ne: soso ne da gam, wata biyu yana haɗa shi a kan rufin gida. A ba ni kalma.

Maman Ilham: Jirgin wasa mana, Malam.

Abu Hafsat: Hajiya, nan gizo ke saƙar. Da zarar na ce wasa, sai a ce doka ba ta shafe shi ba. Ai na wasa aka harbo a unguwar Khuzama ta Riyad a watan Afrilun 2018, daga nan aka ce masu sha'awar abin su nemi izinin jami'an tsaro.

Ɗan Makka: Musayyara kowa ke cewa a nan. Tambayi 'yan'uwanmu na Sudan.

Baba Mai Ƙamus: Musayyara ba Hausa ba ce. Ku da aka haifa a nan, ko ruwa za ku nema sai kun ce moya. Ni tuni na raɗa masa suna: zirnaƙo. Saurari kukansa, dubi yadda yake tsayawa cak a sama.

Ɗan Makka: Baba, da girmanka, littafi da alƙalami ma daga ina muka samo su?

Baba Mai Ƙamus: Waɗannan sun kwana a bakin kakanninmu. Taka jiya ta zo.

Injiniya, Madina: Zirnaƙo ya dace da mai farfela huɗu. Na yaron nan fukafukai gare shi, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kuma "maras matuƙi" ma da gyara, matuƙin na nan a ƙasa, idonsa a kan jirgin. Sai dai doka nauyi take dubawa. A Amurka daga giram 250 sai rajista, ba a wuce ƙafa 400 a sama, kuma an ɗora wa masu jiragen na'urar da ke sanar da inda jirgi yake, sai fa a filayen da aka ware. Masu haɗawa da hannu su suka fi kokawa, kuɗi da nauyi sun ƙaru.

Baba Mai Ƙamus: To zirnaƙo mai fiffike.

Maman Ilham: Baba, a bar mutum ya kwanta.

Abu Hafsat: Na gode. Zan ce "jirgin rimot" ga duka biyun, in ƙara "mai kyamara" ko "na haɗi" inda ya kama.

Baba Mai Ƙamus: Rimot ɗin ma Turanci ne. Ka karanta abinka, amma ka faɗi zirnaƙo ko sau ɗaya, mu ga wanda zai zauna a bakin mutane.