Na sayi na'urar ajiyar kirifto a Circle, sai na tarar da kalmominta a rubuce

Ɗan Nima: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin in zo ina cizon yatsa. Kayan babur nake sayarwa, kuma shekara biyu ke nan da USDT, kuɗin kirifto mai bin darajar dala, nake biyan mai turo min kaya daga Sin. In sidi ya taru sai in sayi USDT ta MoMo, wato kuɗin waya, in bar su a manhajar da nake ciniki. Yanzu abin ya ɗan yi kauri, kuma tun da aka ba ni labarin yadda kasuwar kirifto ta FTX ta rushe da kuɗin mutane a Nuwamban 2022 hankalina bai kwanta ba. Aka ce in nemi Ledger, na'urar ajiyar kirifto. Jiya na samu ɗaya a wani shagon waya a Circle, nan Accra, da rangwame mai yawa. Da na buɗe kwalin a gida sai ga kati an buga kalmomin Turanci 24, ga kuma lambar buɗewa a ƙarƙashin wurin kankarewa irin na katin waya. Mai shagon ya ce sauƙi aka yi min, in jona kawai in tura kuɗi. Ban tura ko pesewa ɗaya ba tukuna. In ci gaba?

Mai gyaran waya, Circle: Wa alaikumus salam. Yaya, don Allah kada ka tura. Sabuwar Ledger ba ta zuwa da lambar buɗewa, ba ta zuwa da kalmomi. Takardun da ke cikin kwalinta farare ne fes, kai za ka cika da hannunka. Kalmomin nan na'urar ce ke fitar da su a gaban idonka, ɗaya bayan ɗaya, a ɗan allonta. Duk wanda ya buga katin nan ya ajiye kwafinsa. Kuma kuɗinka ba cikin na'urar suke zama ba, mabuɗi kawai take riƙewa, mabuɗin kuwa shi ne kalmomin. Mai kwafin zai zuba su a wayarsa ko yana wata ƙasa, ya riƙa kallon abin da ke shigowa. Ba zai taɓa dala goman farko ba. Zai jira ranar da ka kwaso jarin gaba ɗaya.

Ɗan Nima: Inna lillahi. To in na goge ta na fitar da sabbin kalmomi fa? Kuɗin da na kashe yana min ciwo.

Ɗalibi, Legon: Ana iya goge ta, Kawu. Ka sa lambar da ba daidai ba sau uku, za ta share kanta ta koma sabuwa. Sai manhajar kamfanin ta tantance ko ta gaskiya ce.

Mai gyaran waya, Circle: Gaskiya ne tana gogewa, amma ni ba zan ɗora jarina a kan abin da na san hannun ɓarawo ya bi ta kansa ba. A 2020 an sace bayanan masu sayen Ledger, har da adireshin gida da lambar waya, kuma a 2021 aka riƙa aika wa wasunsu na'urorin bogi ta gidan waya, an buɗe cikinsu an yi musu ƙari. Kada kuma ledar da aka naɗe kwali ta ruɗe ka. A layinmu akwai injin naɗe kwali, tsohuwar waya na shiga ta fito kamar yau ta baro masana'anta. Araha ba ta ado. Ka saya daga shafin kamfanin, ko dillalin da su da kansu suka lissafa a shafin.

Malamin kwamfuta, Madina: Na goyi bayansa. Ledger ta Faransa ko Trezor ta ƙasar Cek, duk wadda ka samu, hanyar kusan ɗaya ce. Ran da ta iso kada ka buɗe ta a shago, inda ga kyamara ga yara na leƙe. Ka shiga ɗaki kai kaɗai ka kulle. Manhajar kamfanin, ka rubuta adireshin shafin da hannunka, ban da tallar da ke fitowa a saman Google, ban da abin da wani ya turo maka a WhatsApp. Ka zaɓi kafa ta a matsayin sabuwa, ka sa lambar buɗewa mai tsawo, ba shekarar haihuwarka ba. Sai ka rubuta kalmomin da biro, kowace da lambarta, don jerin ma yana cikin sirrin. Kalmomin Ledger daga wani jeri mai kalma 2048 ake ɗauko su, wasu na kama da juna, ka dubi harafi da harafi.

Inda mutanenmu ke gaggawa shi ne gwaji. Ka tura kamar dala goma. In sun shiga, ka goge na'urar da gangan, ka dawo da ita da abin da ka rubuta. Ka ga dala gomanka, to rubutunka daidai ne. Gara ka gano kuskure a kan dala goma. Sannan duk lokacin karɓa ko turawa, adireshin asusun da ke allon na'urar za ka gaskata, don akwai ƙwayar cutar kwamfuta da ke musanya adireshi in ka kwafa. In USDT ɗinka ta hanyar Tron ake tura shi, ka ajiye ɗan TRX, kuɗin Tron ɗin, a ciki, da shi ake biyan kuɗin turawa. Na ga wanda ya yi kwana biyu yana zaton an toshe masa kuɗi, ashe TRX ne babu.

Ɗalibi, Legon: Ni dai hoton kalmomina na ɗauka na tura wa kaina a WhatsApp, don kada takarda ta ɓata.

Mai gyaran waya, Circle: Ƙanena, ka gama tona wa kanka asiri. A rana waya nawa ake miƙo min a buɗe, har da lambarta, a tafi sallah a dawo? Ga hoton ya riga ya hau Google. Yau ɗin nan ka fitar da sabbin kalmomi ka kwashe kuɗinka zuwa can. Goge hoton ba ya wadatarwa. Kuma duk wanda ya kira ko ya rubuto ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, a ba shi kalmomi ya gyara matsala, ɓarawo ne.

Hajiya mai atamfa, Makola: Ni ban iya na'urarku ba, amma na san takarda a garin nan. Daren 3 ga Yunin 2015 ruwa ya shiga ɗakina, littafin bashina da ke ƙarƙashin katifa ya koma kamar kunu, biro ya narke ba a gane ko suna ɗaya. Kun kuma ga gobarar kasuwar Kantamanto a Janairun 2025. Ɗana, kada ka ajiye takardar kalmomin a shago, kada kuma ka ajiye ta wuri ɗaya da na'urar.

Malamin kwamfuta, Madina: Hajiya ta faɗi gaskiya. Shi ya sa ake buga su a farantin ƙarfe marar tsatsa. Haruffa huɗun farko na kowace kalma sun isa, don a jerin nan babu biyu da suka yi tarayya a kansu. Kwafi biyu, gida biyu. Akwai kuma ƙarin kalmar sirri da wasu ke kira ta 25, amma ka bar ta sai hannunka ya faɗa, in ka manta ta babu mai dawo maka da komai.

Alhaji, Sabon Zongo: Duk kun yi maganar ɓarawo da ruwa, ba wanda ya ambaci mutuwa. Banki in mutum ya rasu magada na zuwa da takardu. Wannan kuwa ba ofishin da za a je a yi kuka. Haƙƙin marayu ne, wataƙila da bashin mai kaya a ciki. Ka rubuta wasiyya, ka sanar da amintacce ɗaya cewa akwai dukiyar da inda ƙarfen yake, ba sai ka karanta masa kalmomin ba.

Ɗan Nima: Allah ya saka da alheri, Baba, wannan ko a raina ban kawo ba. Na koma shagon da safe, ya ce shi ma haka aka sayar masa, ba ya mayar da kuɗi, sai dai in ɗauki caja biyu. Na bar shi da Allah. Zan yi odar wata daga kamfani. Ƙarfen fa, akwai maƙerin da na sani a Abossey Okai, in kai masa ya buga min?

Mai gyaran waya, Circle: Haba Yaya, ka kai masa kalmomin ya karanta? Farantin kawai zai yanka maka. Ka sayi ƙusoshin buga haruffa da guduma, ka fara koyo a kan wani guntun ƙarfe, sannan ka buga da kanka a ɗaki. In uwargida ta tambayi ƙarar mece ce, ka ce gado kake gyarawa.